Kallon Kusufin Rana Daga Kan Dutsen Dala

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san Dutsen Dala. Tun kafin a gina ganuwa mutane ke zaune a gindinsa suna narkar da tama. A nan Barbushe ya yi zamaninsa. Ƙolin dutsen ya kai mita 534 daga doron teku. Idan ka hau, ga Goron Dutse daga yamma, ga Kasuwar Kurmi, ga hasumiyoyin Masallacin Juma'a kusa da Gidan Rumfa.

Ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006, aka yi kusufin rana da hantsi. A Gusau da Katsina rana ta rufe ruf na 'yan mintoci, gari ya yi duhu kamar magariba. A Kano ba ta rufe duka ba. Ɗan gefenta ya rage siriri kamar jinjirin wata, haske ya dushe, zafi ya sauka.

Me yake kawo haka? Wata ne yake shiga tsakanin rana da duniya, inuwarsa ta faɗo mana. Rana ta fi wata girma wajen sau 400, amma kuma ta fi shi nisa da mu wajen sau 400. Shi ya sa wata yake iya rufe ta, kamar yadda tafin hannunka yake kare maka gida sukutum idan gidan yana nesa. Kusufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci. Na 2006 a ƙarshen Safar ya zo. Kusufi ba alamar mutuwar wani babba ba ce. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne, Annabi ya gyara musu, ya ce a yi salla da addu'a. Sallar raka'a biyu ce, kowace raka'a da ruku'u biyu.

To, mai son kallo daga kan Dala sai ya yi shiri. Maris farkon bazara ne, daga nan zuwa Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40. A saman dutsen kuma inuwa ba ta da yawa. Ka hau da sanyin safiya. Ka riƙe gorar ruwa da malafa ko lema. Akwai matakala, ita za ka bi. Kada ka yanke ta gefe, domin tsakuwar marmara tana zame ƙafa, silifas kuma ba takalmin hawa ba ne. Dattijo, da mai hawan jini, da mai juna biyu su riƙa hutawa a hanya. Wanda ya ji jiri ya zauna nan take. A riƙe hannun yara, kada su matsa bakin gaɓa.

Hawa dutse ba ya kusantar da mutum ga rana. Amfaninsa shi ne gini ba zai tare maka sama ba, kuma za ka ga yadda haske ke sauyawa a kan birni gaba ɗaya.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, maganar ido. Kada ka dubi rana kai tsaye, ko da saura ƙiris ta rufe. Wannan ɗan siririn da ya rage ya isa ya ƙona cikin ido. Abin tsoron shi ne ba za ka ji zafi ba a lokacin. Sai bayan sa'o'i, ko washegari, ka ga wani baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ka duba. Wani ya warke, wani ya zauna da shi har abada. 

Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa. Haka gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, da takardar hoton ƙashi ta asibiti. Wasu sukan zuba ruwa a ƙwarya su kalli ranar a ciki, wannan ma yana cutarwa. Ko hazo ya dusashe rana, haɗarin yana nan. Akwai tabarau na musamman da aka yi domin kusufi, idan ka samu na ƙwarai wanda bai huje ba.

Idan babu, ga dabara mai sauƙi. Samu kwali biyu. Huda ɗaya da allura. Juya wa rana baya, ka ɗaga mai hudar haske ya ratsa ta, ya sauka a kan ɗayan. Hoton rana zai fito ƙarami, ka ga yadda wata ke cin ta. Gwagwar tace taliya ma tana yi: riƙe ta sama da farin ƙyalle, kowane rami zai zana nasa jinjirin. Wanda bai iya hawa ba sai ya duba ƙasa a gindin darbejiya, hasken da ya ratso ganye haka zai yi.

Masana taurari sun lissafa cewa ranar 20 ga Maris, 2034, wani kusufin zai ratsa Najeriya. A wajen Legas da birnin Benin ne rana za ta rufe duka. A Kano wani sashe nata zai rufe, kuma a bazara ne, don haka a tanadi ruwa da kwali.