Shekarun da Doka Ta Yanka wa Yara: Bayani ga Magidantan Zoza da Kewaye

A ƙasar Rogo da Karaye, in an tambayi magidanci shekarun ɗansa, sau da yawa sai ya ce an haife shi daminar da aka yi kaza. Wannan lissafi ya isa a zaure, amma ba ya isa a gaban alƙali, domin doka da shekaru take aiki. Ga abin da ta ce a kan abubuwa huɗu.

1. Makaranta

Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro, namiji ko mace, karatun shekara 9 kyauta, watau 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ana shiga da shekara 6, a gama wajen 15. A cikin wannan doka, uban da ya ƙi kai ɗansa, da farko gargaɗi za a yi masa. In ya sake, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. In ya kuma, naira 5,000 ko wata biyu. Tarar ba ta da yawa, amma asarar yaron da ya girma bai iya karanta takardar gonarsa ba, ita ce babba.

2. Aiki

Dokar ƙwadago ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin lada. Abin da ta yarda da shi kaɗai shi ne ƙaramin aikin gona ko na gida a hannun danginsa. Saboda haka yaron Zoza da ya taya ubansa ɓarar masara bayan an tashi daga makaranta bai saɓa wa doka ba, muddin ba a ɗora masa kayan da za su yi masa lahani ba. Wanda bai kai 14 ba, sai aikin yini, ya kuma kwana gidan iyayensa ko mai riƙonsa. Wanda bai kai 15 ba, ba ya aikin masana'anta. Wanda bai kai 16 ba kuwa, ba a sa shi aikin cikin ramin haƙar ma'adinai ko a kan inji, kuma aikinsa ba ya wuce awa 8 a rana. Uban da zai ba da 'yarsa aikatau a birnin Kano lalle ya fara auna wannan.

3. Aure

Dokar kare haƙƙin yara ta Tarayya, ta 2003, ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, ta kuma hana yi masa aure. Amma ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Kano ta yi tata dokar kare yara a 2023. A fiƙihun Malikiyya kuwa, wanda alƙalan ƙasar nan ke bi, ba a yanka wa aure shekara ba, sai dai addini ya hana cutarwa. Yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba takan sha doguwar naƙuda, wadda ke jawo yoyon fitsari ko mutuwa. Masu wannan ciwo har sashe aka ware musu a Asibitin Murtala na Kano. Waliyyin kirki ya tuna da haka kafin ya karɓi goro.

4. Laifi

Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ya aikata ba laifi ba ne. Daga 7 zuwa 12, sai alƙali ya duba ko hankalinsa ya kai ya san abin da ya yi da abin da zai biyo baya. A kotunan Shari'a, ba a tsayar da haddi a kan wanda bai balaga ba.

Takardar Haihuwa

Duk waɗannan ba su da amfani ga yaron da ba a san shekarunsa ba. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa, kuma kyauta ce in an yi rajista cikin kwana 60. Magidanci ya nemi ma'aikacinta a asibiti ko a sakatariyar ƙaramar hukuma da zarar an yi suna, ya adana takardar inda ruwa da gara ba za su taɓa ta ba. Ran da za a sa yaro makaranta, ko ran da tsautsayi ya kai shi gaban shari'a, ita ce shaidarsa.