Darasi: Ƙuncin Zuciya Ba Raunin Imani Ba Ne

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (S.A.W.). Ya ku ƴan'uwa Musulmi, rufe iyakar Ƙonni da Najeriya a 2023 ya karya jarin matasa da dama. Wani har yau ba ya barci, ya ƙaurace wa sahu, yana ganin rayuwarsa ta tsaya cik. Kada mu zarge shi da raunin imani. Annabi kansa ya ga Shekarar Baƙin Ciki, da ya rasa Nana Hadiza da Abu Ɗalib. Haƙƙinsa a kanmu shi ne ziyara, da sauraro, da rufin asiri. Idan ƙuncin ya wuce mako 2, a raka shi wajen likita. Idan ya ambaci kashe kansa, a kai shi ranar. Addu'a ba ta hana magani. Allah Ya yaye mana, amin.