Darasi: Shirun bindiga da zaman lafiya

'Yan uwa, da yawanmu in an kwana biyu ba a ji harbi ba sai mu ce lafiya ta samu. Wannan shiru ne kawai. Zaman lafiya shi ne kowa ya samu haƙƙinsa ba tare da ya roƙa ko ya biya wani mai bindiga ba.

Ku tuna da maƙabartar Musulmi ta Boeing. Tun rikicin Disamba 2013 mutanen Kilomita Biyar suka kasa kai mamatansu can, har fiye da shekara biyu. Akwai ranakun da ba a harba ko harsashi ɗaya ba, amma wanda ya rasa inda zai binne mahaifinsa, wace lafiya gare shi? Sai a Fabrairu 2016 da unguwannin biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar daina kai wa juna hari aka buɗe hanya.

Haka maganar gidaje take. Kiristan Yakité da ya gudu sansanin filin jirgin M'Poko, da Musulmin da aka raba da gidansa ya fake a Kilomita Biyar, ciwonsu ɗaya ne. In ɗaya ya koma gida ɗayan yana kallon baƙo a ɗakinsa, rikicin kwanciya ya yi, bai mutu ba.

Don haka duk mai takardar fili ko ta ciniki ya adana ta. Wanda tasa ta ƙone, ya nemi tsofaffin maƙwabta da mai unguwa su shaide shi, sannan ya zo teburin kare haƙƙi a rubuta ƙorafinsa. Matan da mazajensu suka rasu su ma su zo da kansu.