CUTAR KUSHIN DA MAGUNGUNAN DA KE DATSE TA

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, can bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba. Likitoci na kiranta fituwitari. Matsayinta a jiki kamar na sarki ne da hakimansa: ita ce ke aika umurni ga waɗansu 'yan tsokoki biyu da ke bisa ƙoda, su kuwa su fid da wani sinadari mai suna kotisol.

Wani lokaci ƙari yakan fito a fituwitari. Yawancinsa ba daji ba ne, amma sai umurni ya yi yawa, kotisol ya cika jini. Fuska ta kumbura, ciki ya yi teɓa, hannuwa da ƙafafu su rame, jajayen zane su fito a ciki, hawan jini da ciwon sukari su biyo baya. Ta fi kama mata, har al'adarsu takan ɗauke. Wani likitan Amurka, Harvey Cushing, shi ya bayyana ta a 1932, don haka aka sa mata sunansa.

Babban magani shi ne a cire ƙarin ta hanci. In aiki bai yiwu ba, ko bai wadatar ba, akwai magungunan da ke hana enzayim aiki, watau ma'aikacin da ke haɗa kotisol. Misalinsu kamar mai lambu ne a fadamar Rima: ba ya ƙafar da gulbi, sai dai ya datse hanyar ruwa. Haka nan maganin ba ya kawar da ƙarin, kotisol kaɗai yake ragewa. Metyrapone ya fito a ƙarshen shekarun 1950. Ketoconazole asalinsa na cututtukan fata ne, kuma yana iya taɓa hanta. Osilodrostat kuwa Amurka ta amince da shi a 2020.

Mutanen Unguwar Lalle da kewaye su lura: waɗansu ƙwayoyin ƙara ƙiba da mayukan canza launin fata suna kawo alamu iri ɗaya. Wanda ya daɗe yana shan irin waɗannan ƙwayoyi kada ya bari farat ɗaya, akwai hatsari. Ya tafi da su babban asibitin Sabon Birni ko na Isa. In an ga dalili, sai a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato, inda akwai likitocin aikin ƙwaƙwalwa. Kada kowa ya sayi waɗannan magunguna a kasuwa ba da izinin likita ba.