Tumatirina Sai Ganye, Babu 'Ya'ya

 

Ni matar aure ce a cikin garin Katsina, gidan haya muke zaune, tsakar gidan duk siminti ne. Tsadar kayan miya ce ta ishe ni bara, sai na ce bana zan taɓuka abin kaina. Ƙarshen watan Janairu na tsaga wasu manyan tumatir da aka sayo a kasuwa, na shanya 'ya'yan, na yi reno a tsohon baho. Da suka tasa na cika buhuna takwas da ƙasa da kashin kaji, na dasa uku-uku, na jera su jikin katanga inda rana take wuni. Na saka attaruhu buhu biyu, da na'ana'a a gefen ɗaya daga cikin buhunan.

Da farko abin gwanin sha'awa, sun yi kore shar, har maƙwabta suna leƙowa. Amma tun da Maris ya yi nisa, fure yana fitowa yana zubewa. 'Yan ƙwayoyin da suka ƙulla kuwa, kafin su nuna sai gindinsu ya yi baƙi ya lotsa. Biyu daga cikin shukokin sun tsaya cak, ganyen samansu ya ƙanƙance ya nannaɗe ya yi ɗorawa. Wasu ganyayen kuma sun yi fari-fari kamar an kankare su. Na'ana'ar ta ƙone, ƙadangaru sun cinye alayyafon da na yafa tun bai yi ganye huɗu ba.

Ruwa wuya yake mana, don haka wata rana in ba su da yawa, wata rana sai abin da ya saura na wanki da wanke-wanke. Wata maƙwabciyata ta ce yunwa ce, na zuba musu yuriya sau biyu. Ƙanin maigidana ya ce a fesa maganin da muke kashe kyankyaso da shi, ban dai yarda ba tukuna. Surukata kuwa ta ce baki ne, tun da na bari kowa yana kallo. Maigida har ya fara tsokana, wai kuɗin buhunan da na taki sun isa sayen kwando guda. Malam, wane magani zan saya? Ko in haƙura?

Mai karanta filinka, daga Katsina.

'Yar'uwa, Allah ya sa wa hannunki albarka.

Kada ki haƙura, kuma kada ki sayi komai tukuna. Yawancin abin da kika lissafa ba cuta ba ce balle a nemi maganinta a shago. Lokacin shukar ne ya saɓa. Tumatir a ƙasarmu amfanin sanyi ne. Manoman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam, waɗanda ke sha daga madatsar Tiga, suna zuba reno ne da kaka, wajejen Oktoba da Nuwamba, domin fure ya fito cikin hunturu. Shi ya sa kwando yake araha a Janairu da Fabrairu, ya fara hawa idan bazara ta kama. Ke kuwa kin fara reno a daidai lokacin da su suke tsinka, sai furenki ya faɗa cikin Maris da Afirilu, watannin da ma'aunin zafi a Katsina kan taɓa 40.

Furen tumatir yana da laushi. A cikinsa akwai wani gari mai ruwan ɗorawa wanda shi ke sa ya ɗauki ɗa. Idan zafin rana ya haura 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin nan yakan mutu, sai furen ya bushe daga wuya ya faɗi, uwar kuwa tana nan kore shar. Kin ƙara wa abin wuta da kika jera buhunan jikin katangar da rana ke duka, a kan siminti. Da azahar ki ɗora tafin hannunki a gindin buhun, za ki ji abin da saiwar take ji. Sannan ga yuriya a kan kashin kaji. Yuriya takin ganye ce zalla, kashi 46 cikin ɗari na nauyinta sinadarin naitirojin ne, kashin kaji ma cike yake da shi. Maƙwabciyarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma shukar da ta yi kore har maƙwabta na leƙowa ba yunwa take ji ba. Ƙoshin ne ya yi mata yawa, ta zuba ƙarfinta a ganye.

Baƙin gindi kuwa daga ban ruwa ya fito. Ɗan tumatir yana buƙatar sinadarin kalsiyam don gina namansa, shi kuma ba ya hawa sama sai cikin ruwan da saiwa ta zuƙa. Idan yau ƙasa ta jiƙe sharkaf gobe ta bushe ƙamas, kalsiyam ba ya isa ƙarshen ɗan, wurin sai ya mutu ya lotsa. Dogayen tumatir irin Roma da UC, waɗanda suka cika kasuwanninmu, su suka fi saurin yin haka. Ba ya yaɗuwa daga wannan shuka zuwa waccan, feshi kuma ba ya taɓa shi. Abin da yake so shi ne ruwa daidai gwargwado kullum, da sassafe, a gindi ba a kan ganye ba, a zafin nan kuma a ƙara kaɗan da yamma. Tura ɗan yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In kin ji danshi, bar ta. Rufe bakin buhun da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa, za ki ga ruwan da kike zubawa ya ragu sosai. Ƙwayoyin da suka riga suka yi baƙi ki tsinke su, ba sa warkewa. Shuka uku a buhu ɗaya ma sun yi yawa, kamar kishiyoyi uku ne a kan murhu ɗaya. Ɗaya ta isa.

Tun da ruwa yana yi muku wuya, ki ware bokiti guda ki riƙa tara ruwan alwala, da na wankin shinkafa, da na ɗaurayar kayan miya. Waɗannan duk lafiya lau ne. Ruwan omo da na bilic kuwa ki kai su kwata. Gishiri ne a cikinsu, a gona damina takan wanke shi, a buhu kuwa taruwa yake yi. In kin ga wani farin ɓawo a saman ƙasar, ko bakin ganye yana ƙonewa, shi ne. Ki duba kuma ko kin huda gindin buhunan, don ruwan da ba shi da mafita saiwa yake ruɓarwa.

Yanzu ga inda ainihin cuta take. Shukokin nan biyu da suka tsaya, ganyen samansu ya ƙanƙance ya yi ɗorawa, ki girgiza su da hannu. In wasu 'yan mitsi-mitsin fararen ƙudaje sun tashi daga ƙarƙashin ganyen, to cutar nannaɗe ganye ce, su ne masu ɗaukar ta daga shuka zuwa shuka. Ba ta da magani. Tuge su yau, ƙulle su a leda, fitar da su daga gidan. Na san da ciwo mutum ya tuge abin da ya rena, amma barinsu asarar sauran ne, har da attaruhunki. Sai dai a bambance: idan ganyen ƙasa ne, tsofaffi, suka naɗe amma suna nan kore da kauri, wannan zafi ne kawai, ki ƙyale su.

Ganyen da ya yi fari kamar an kankare, ɗaga shi ki haska da rana. Idan kin hango wata 'yar tsutsa a tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, da ɗigo-ɗigon baƙin kashinta, to baƙuwar da manoma ke kira sharon ce, wadda masana ke ce wa Tuta absoluta. Asalinta Kudancin Amurka, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta gangaro har ta iso mu. Ita ce a 2016 ta share gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tana son zafi, kuma saboda a cikin ganye take ɓuya, feshi da wuya ya same ta, ga saurin sabawa da magani. Mai kadada goma tana sa shi kuka. Mai buhu takwas kuwa yana da abin da wancan ba shi da shi, wato ido da yatsa. Kowace safiya ki bi ganyayen, wanda kika gan ta a ciki ki murtsuke ko ki tsinke ki jefa a wuta.

Maganin kyankyaso kuwa, a'a. Ki gaya wa ƙanin maigida Malam ya ce a'a. Guba ce da ba a yi ta don abinci ba, ga yara suna wasa a tsakar gida, ga kaji suna tsattsaga. Darbejiya ta ishe ki. Samo busassun 'ya'yanta, ɓare, daka ƙwayar, cikin hannu guda a lita ɗaya ta ruwa, ta kwana a jiƙe. Da safe ki tace da tsumma, ki narka ɗan sabulun wanka kaɗan don ya kama ganye. Sai la'asar sakaliya za ki yayyafa, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, ki kuma tabbata ya taɓa ƙarƙashin ganye. Duk mako a maimaita, kowane karo sabon haɗi. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da hayayyafa yake yi, don haka kada ki ce bai yi ba bayan kwana biyu.

Maganar baki, ba zan shiga tsakaninki da surukarki ba. Addu'a ba ta ɓaci, ki yi. Amma ki ja buhunan daga jikin katangar nan, ki ɗora su a kan bulo ko katako, inda za su sami hantsi su kuma sami inuwa daga azahar. Tsohuwar zana ko asabari ya wadatar.

Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce, ko kin yi duk wannan, abin da za ki tsinka a tumatirin bana kaɗan ne. Kada ki ɓata bazara da damina kina jinyarsa. Watannin nan na alayyafo ne, da kuɓewa, da yakuwa, da rama, da lalo, waɗanda zafi ba ya firgita su. Alayyafo, a nan yuriyar taki da kashin kajin za su yi rana, cikin mako uku zuwa huɗu kin fara yanka. Gauraya irin da yashi kafin ki yafa don kada ya cunkushe. Kuɓewa ki jiƙa irin ya kwana, cikin wata biyu za ki fara tsinka. Zogale ɗaya a kusurwa, ki riƙa datse kansa idan ya kai ƙirjinki don ya yi rassa. Gindin albasa mai saiwa da kike zubarwa, binne shi, zai ba ki lawashi. Daidoya ma tana son rana. Na'ana'a kuwa ki ba ta tukunyarta ita kaɗai, a inuwa kusa da randa inda ƙasa ba ta bushewa. Reshe ake dasawa, kuma in kin haɗa ta da wani a buhu, ranar da ta kama za ta mamaye shi. Ƙadangaru kuma, kafa 'yan sanduna ki lulluɓa tsohon gidan sauron da aka daina kwana a ciki, ki danne gefen da duwatsu.

Idan Allah ya kai mu Oktoba sai ki koma wa tumatir. Buhunan da cuta ta kama kada ki sake sa tumatir ko attaruhu ko gauta a ƙasarsu, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Haɗa sabuwar ƙasa, kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya takin da ya ruɓe har warinsa ya tafi, da ɗan yashi. Kashin kajin ki tara shi tun yanzu ya sha damina. Iri kuma ki saya na cikin fakiti daga masu sayar da kayan noma, ki duba ranar ƙarewarsa. Wasu manyan tumatirin kasuwa iri mai aure ne, wanda ake rubuta wa F1, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar. Idan fure ya fito kuma kina lulluɓe su da gidan sauro, ki riƙa ɗan girgiza sandar da kika ɗaure su da hantsi, don garin furen ya zuba inda ya kamata. Ki gaida maigida, ki ce masa ya ajiye lissafin kwandon nan sai Fabrairu.