Me Ya Sa Katin Memori Ke Ƙin Karɓar Babban Fim?

Wani mai sauraronmu daga Lolo, kan iyakar Bagudo da Jamhuriyar Benin, wanda sana'arsa tura finafinai a wayoyin mutane, ya tambaya: me ya sa kati ke ƙin karɓar babban fim alhali akwai wuri?

To malam, laifin tsarin adana fayiloli ne, wato kundin da ke rubuta inda kowane abu yake a katin. Ƙananan katuna suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4. Microsoft ya fito da exFAT a 2006 domin warware wannan matsala, amma sai a 2019 ya shiga ƙashin bayan Linux, wanda Android ke tafiya a kansa.

Kafin a amince da irin wannan gyara, injiniyoyi kan gwada shi da wata manhajar gwaji mai suna xfstests: su cika faifai maƙil, su kwaikwayi ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu, sannan su duba me ya tsira. Aiki ne mai wahala, amma da shi ake kare hotunan bikin mutane.

Mafita dai ita ce a sauya katin zuwa exFAT, amma kafin nan a kwashe kayan ciki, domin komai zai goge.