Kafin ka sayi kwafin tsohuwar jaridar kulob ɗinka

Masoyin Liverpool ba zai manta da daren 25 ga Mayun 2005 a Istanbul ba. An tafi hutun rabin lokaci AC Milan na gaba da ci uku, aka dawo Liverpool ta rama, ta ɗauke kofi a bugun fanareti. Don irin wannan rana ake sake buga tsofaffin shafukan jaridun gari, irin su Liverpool Echo da aka kafa a 1879, magoya baya su saya su ajiye.

In za ka saya, fara tambaya: ta asali ce ko sabon bugu? Ta asali takardarta kan yi ja-ja, ta yi rauni a wurin ninki. Sabon bugu kuwa yawanci fari ne tas. Kada a karɓi kuɗin doki a ba ka jaki. Duba kwanan wata da kyau. Yawanci labarin wasan dare a bugun washegari yake fitowa.

In ta zo hannu, kada ka ninke ta. Sa ta a firam mai gilashi, ka rataye inda rana ba ta bugawa, nesa da danshin damina da gara.